Idan Rimot Ya Daina Yi wa Dikoda Magana: Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Da zarar rimot ya ƙi aiki, yawancin mutane abu biyu suke yi. Su bubbuga shi a tafin hannu, in bai farfaɗo ba su sayo wani. Wasu kuma dikodar suke cirewa gaba ɗaya su kai wa mai gyara. Duk wannan gaggawa ce, kuma sau da yawa asarar kuɗi ce, domin ana iya sayen sabon rimot a dawo gida a tarar matsalar tana nan daram, saboda tun farko ba rimot ɗin ne ya lalace ba.

Tsakanin yatsanka da sauyawar tasha abubuwa uku ne kawai: rimot mai aika saƙo, hanyar da saƙon yake bi, da dikoda mai karɓa. Aikinka shi ne ka ware su ɗaya bayan ɗaya har ka san wanne ne mai laifi, kafin ka kashe ko sisi, kafin kuma ka kwance ko da noti guda.

Yadda saƙon yake tafiya

Galibin rimot na dikodar tauraron ɗan'adam da haske yake aiki, wani haske da ake kira infirared wanda idon mutum ba ya iya gani. Ɗan ƙwan nan da ke goshin rimot shi ke fitar da shi, kuma tsawon zangonsa yawanci nanomita 940 ne. Ba kunnuwa kawai yake yi ba. Ƙiftawa yake yi da sauri, galibi sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kilohaz 38, wasu kamfanonin kuma 36 ko 40 ko 56 suke amfani da su. A cikin wannan ƙiftawar ake jera lambobin kowane maɓalli. A gaban dikoda, bayan baƙin gilashi ko robar nan, akwai ɗan ido mai ƙafa uku da aka yi shi don ya saurari wannan saurin ƙiftawar kaɗai, ya yi watsi da sauran hasken ɗaki.

Abu biyu za ka riƙe daga nan. Na farko, tunda haske ne, duk abin da zai tare haske zai tare saƙon. Na biyu, kowane kamfani da tsarin lambobinsa. Akwai tsarin NEC wanda ya fi yawa a ƙananan dikodoji, akwai RC-5 na kamfanin Philips, Sony ma da nasa. Don haka rimot yana iya zama lafiya ƙalau, yana ta aika saƙo, amma dikodar ba ta gane yaren da yake yi.

Fara da tabbatar da cewa maganar rimot ce

Kafin ka taɓa batir, dubi dikodar kanta. Fitilarta a kunne take? Akwai hoton tasha a talabijin? Idan abin da kake gani a allo rubutu ne na babu sigina, ka lura da wanda ya rubuta shi. In talabijin ce ta rubuta, mai yiwuwa wani ya danna Source ko Input ya mayar da ita wata ƙofa, ta bar HDMI 1 ta koma HDMI 2 ko AV. A wannan hali dikodar tana jin rimot sarai, tana sauya tasha, kai ne ba ka gani. Ɗauki rimot ɗin talabijin ka mayar da ita ƙofar da aka jona dikodar. In kuwa dikodar ce ta rubuta, kuma menu yana buɗewa idan ka danna, to rimot ba shi da laifi, sai a koma kan farantin tauraron ɗan'adam, wato dish, da wayarsa.

Sai ka danna maɓallan da ke jikin dikodar, in tana da su: na kunnawa, na gaba da na baya. Idan sun yi aiki, dikodar a raye take, matsalar tana ga rimot ko hanya ko idon karɓa. Idan su ma sun ƙi, dikodar ce ta sandare. Zare filoginta daga bango, ba kashewa da maɓalli ba, ka jira kamar minti ɗaya, ka mayar, ka bar ta ta gama tashi kafin ka gwada. Dikoda ƙaramar kwamfuta ce, tana iya cijewa, musamman bayan wuta ta yi rawa ko ta daɗe a kunne cikin zafi. Wannan mataki kaɗai yana warware matsaloli da yawa da ake ɗora wa rimot.

Gwajin kyamarar waya

Wannan shi ne gwajin da na fi so mutum ya iya, domin cikin daƙiƙa goma yake raba gardama. Abin da idonka ba ya gani, kyamarar waya tana iya gani. Buɗe kyamara, ka nuna goshin rimot gare ta, ka danna maɓalli kana kallon allon wayar. Idan rimot yana aika saƙo za ka ga ƙwan yana walƙiya, fari-fari ko mai ruwan shuɗi da ja-ja.

Amma a yi hattara da abu ɗaya. Wasu wayoyin, musamman iPhone da sauran masu tsada, kyamararsu ta baya tana da matata mai tare wannan hasken. In ba ka ga komai ba, juya zuwa kyamarar gaba, ka rage hasken ɗakin. Mafi kyau ma, fara gwadawa da wani rimot da ka tabbatar yana aiki, na talabijin ko na fanka, don ka san kyamarar tana gani. Sannan ka kwatanta ƙarfin hasken biyun.

Kada ka tsaya a maɓalli ɗaya. Bi su duka, ka lura da abin da ka gani, domin kowane sakamako da inda yake nunawa. Idan babu walƙiya a kowane maɓalli, batir ne ko wurin zaman batir ko cikin rimot ɗin. Idan walƙiyar tana nan amma dishi-dishi, batir ya yi rauni. Idan wasu maɓallan suna walƙiya wasu ba sa yi, datti ne ko robar ƙasan maɓallin ta cinye. Idan duka suna walƙiya da ƙarfi amma dikoda ta yi shiru, ka bar rimot ɗin haka, ka koma kan saiti da hanya da idon dikoda.

Akwai kuma wani sakamako da mutane ba su cika tsammani ba: ƙwan yana ta walƙiya alhali ba ka danna komai ba. Wannan alama ce ta maɓalli ya maƙale a ƙasa. Muddin yana maƙale, rimot ba zai aika saƙon sauran maɓallan ba, kuma zai shanye sabon batir cikin ƙanƙanin lokaci. Har ma yana iya hana wani rimot na daban aiki a ɗakin, saboda ya cika wurin da surutunsa. Shi ya sa idan rimot ɗin dikoda ya ƙi aiki haka kawai, yana da kyau ka dubi sauran rimot-rimot ɗin da ke ɗakin, ko akwai wanda ya shige tsakanin kujeru wani abu ya danne shi.

Batir da mazauninsa

Kowa ya san a canza batir, amma ba kowa ke canzawa daidai ba. Yawancin rimot batir biyu yake ɗauka, AAA ko AA, kowanne volt 1.5, su haɗu su ba da 3. Canza duka biyun lokaci ɗaya, iri ɗaya, sababbi. Haɗa tsoho da sabo ba tattali ba ne: tsohon yana jan sabon ƙasa, kuma shi ne ya fi saurin yoyo. Batir ɗin da aka ciro daga tocila ko agogo ba abin gwaji ba ne, don ba ka san ƙarfin da ya rage masa ba. In kana da mitar auna volt, auna kowanne. Wanda ya sauko ƙasa da 1.2 ya kusa ƙarewa, ko da yana ɗan aiki idan ka matsa kusa da dikodar. Wannan ma alama ce mai kyau ka sani: rimot ɗin da a da yake aiki daga nesa, yanzu sai ka taso ka matso, kusan kullum batir ne. Batir mai caji kuwa kusan volt 1.2 yake bayarwa a yawancin lokacin aikinsa, yawancin rimot suna aiki da shi, amma wasu nisansu yana raguwa.

Dubi alamar + da − a cikin mazaunin, ka tabbatar ba a juya ɗaya ba. Sannan ka dubi ƙarafunan da batir ke taɓawa. Sifirin ɗin yana iya lanƙwashewa ya daina matse batir, sai ka ɗan jawo shi a hankali. In ka ga farin gari ko tsatsa mai kore-kore, batir ya taɓa yoyo a ciki. Farin garin da batir ɗin alkalin ke bari, ɗan ruwan khal ko ruwan lemun tsami a kan auduga yana narkar da shi. Ɗan kaɗan za ka sa, kada ya zuba ciki. Bayan nan ka kankare ƙarfen har ya yi ƙyalli, ka goge, ka bar shi ya bushe sarai. Kada garin ya shiga ido ko baki, kuma ka wanke hannu idan ka gama.

Kafin ka mayar da batir, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa goma zuwa ashirin. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ke cikin rimot ɗin, ƙwaƙwalwarsa ta tashi daga farko.

Rimot lafiya, amma da wa yake magana?

Nan ne mutane da yawa suke wahala a banza. Rimot ɗin dikoda da dama an yi su ne don su juya na'ura fiye da ɗaya. A samansu za ka ga maɓallan TV, SAT, STB ko AUX, ko ɗan makunni da ake turawa gefe. Idan yaro ko baƙo ya danna TV, daga nan duk abin da ka danna talabijin ake aika wa, dikoda ba ta san ana yi ba. Alamarsa ita ce ƙarar murya tana aiki amma tasha ba ta sauyawa, ko lambobin tasha suna fitowa a allon da wani irin rubutu daban da wanda ka saba gani. Danna SAT ko STB sau ɗaya, ka sake gwadawa.

In rimot ɗin na gama-gari ne, irin wanda ake saita shi da lamba, mai yiwuwa lambar ce ta goge lokacin da batir ya mutu ko ya daɗe a cire. Nemo takardar da ta zo da shi, ka sake shigar da lambar kamfanin dikodarka. Kamfani ɗaya yakan sami lambobi da yawa, kuma wata lambar za ta kunna dikodar ta kashe amma menu ba zai buɗe ba. Kada ka tsaya a ta farkon da ta ɗan yi aiki, gwada sauran har ka sami wadda duk maɓallan suka amsa.

Wasu dikodojin suna da adireshin rimot a cikin saitinsu, don gida mai dikoda biyu iri ɗaya kada rimot ɗaya ya riƙa juya su tare. Idan adireshin rimot da na dikoda suka saɓa, ba za su ji juna ba. Haka kuma idan an yi musayar rimot tsakanin ɗakuna. Duba kuma ko an sa makullin yara, domin a wasu na'urorin yana rufe maɓallan gaba ko wasu tashoshi.

Idan kuma da rimot ɗin talabijin kake juya dikodar, wannan ta wayar HDMI yake bi, da wani tsari mai suna CEC. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Samsung na ce masa Anynet+, LG na ce masa SimpLink, Sony na ce masa Bravia Sync. In ya daina aiki, duba ko an kashe shi a saitin talabijin ko na dikoda, ko ka gwada wata wayar HDMI ɗin.

Hanyar da ke tsakani

Tsaya gab da dikodar, kamar taku ɗaya, ka nuna rimot kai tsaye ga fuskarta. In ya yi aiki a nan amma bai yi daga kujera ba, kuma batir sabo ne, to hanya ce. Cire duk abin da ke gaban dikodar: lasifika, hoto, kwalliya, gefen teburi da ya tare ta idan an tura ta can ciki. Ƙofar gilashi mai duhu tana rage ƙarfin hasken sosai. Goge fuskar dikodar da goshin rimot da tsumma mai laushi, kuma in ledar da ta zo da ita daga kamfani tana nan manne a gaba, ɓare ta. Haka ledar da ake naɗe rimot da ita don kare shi daga datti, idan ta tsufa ta yi hazo a daidai ƙwan, tana rage nisa.

Sai maganar hasken da ke ruɗa idon dikoda. Hasken rana yana ɗauke da infirared mai yawa, kuma idan ya faɗo kai tsaye a fuskar dikodar sai idon ya dushe, kamar mai ƙoƙarin jin raɗa a tsakiyar taro. In ka lura rimot yana ƙin aiki a wani lokaci na yini kawai, dubi taga. Wasu fitilun ma suna yin haka, musamman dogon ƙwai da ƙwan nan mai murɗe-murɗe, domin na'urar cikinsu tana ƙiftawa da saurin da ya kusanci na rimot. Talabijin ɗin plasma an san ta da wannan, kuma wasu masu LCD suna yi a mintocin farko bayan an kunna su. Gwajin mai sauƙi ne: ja labule, kashe fitilun ɗakin ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa. In ka kama mai laifin, canza ƙwan ko ka matsar da dikodar daga gabansa.

Ƙananan dikodojin da ake maƙalawa a bayan talabijin ba su da ido a jikinsu, ko kuma idon yana ɓoye. Suna zuwa da wani ɗan ido a kan siririyar waya da ake sokawa a ramin da aka rubuta wa IR. Tabbatar an soka ta har ƙarshe, a ramin da ya dace, don yana kama da ramin AV, kuma idon yana kallon ɗaki, bai faɗa bayan talabijin ba. Wayar tana yawan tsinkewa a ciki daidai wuyan filogi. In ka motsa ta rimot ya yi aiki ya sake ɗaukewa, ita ce za a canza.

Buɗe rimot a wanke shi

Idan gwajin kyamara ya nuna wasu maɓallan ne suka mutu, yawanci waɗanda aka fi dannawa, wato na ƙara da na tasha da OK, gyaran bai fi ƙarfinka ba. Cire batir. Duba ko akwai noti a mazaunin batir ko ƙarƙashin takardar baya. Sauran abin da ke riƙe da shi ƙananan haƙoran roba ne a gefe-gefe. Sa tsohon kati mai tauri a tsagar, ka bi gefen a hankali. Wuƙa ko sukudireba suna tauna robar, suna kuma karya haƙoran.

A ciki za ka tarar da shimfiɗar roba mai maɓallai da kuma allon lantarki. A ƙasan kowane maɓalli akwai baƙin ɗigo na kabon, shi ne yake haɗa layuka biyu a kan allon idan ka danna. Da daɗewa maiƙo yakan taru a wurin, wani daga hannu, wani daga robar kanta, ga ƙura, ga abin sha da ya taɓa zuba. Wanke robar da ruwa da ɗan sabulu, ba tare da ka dirje baƙaƙen ɗigon ba. Allon kuma a goge shi da auduga da sifirit, irin wanda yake bushewa nan take. Kada a sa masa fetur ko turare. Bar komai ya bushe tsaf kafin ka haɗa.

In an wanke amma maɓalli bai dawo ba, kabon ɗin ne ya cinye. Goga masa bakin fensir yana sa shi aiki na ɗan lokaci. Abin da ya fi daɗewa shi ne a manna ɗan guntun takardar alminiyom daidai girman ɗigon, ko a shafa fentin da ake sayarwa don wannan gyaran. Tunda ka buɗe, dubi ƙafafun ƙwan da na ƙarafunan batir inda aka liƙa su da dalma. Rimot ɗin da ya sha faɗuwa a nan yake tsagewa, kuma shi ne dalilin da ya sa bubbugawa take sa shi aiki na ɗan lokaci, alhali kowane bugu ƙara buɗe tsagar yake yi. Mai gyaran rediyo zai sake liƙa shi cikin mintoci.

Rimot mai Bluetooth ko igiyar rediyo

Sababbin dikodoji da dama, musamman masu rimot ɗin da ake yi wa magana, ba da haske suke aiki ba. Da Bluetooth ne ko wata igiyar rediyo, galibi a zangon gigahaz 2.4. Irin wannan ba sai ka nuna shi ga dikoda ba, kuma gwajin kyamara ba zai gaya maka gaskiya a kansa ba, don wasunsu maɓallan talabijin kaɗai suke aikawa da haske. Matsalarsu ta yau da kullum ita ce haɗin da ke tsakaninsu da dikoda ya warware. Sai an sake haɗa su, kuma kowane kamfani da maɓallan da ake dannawa tare, don haka littafin na'urar ko menu ɗinta za ka bi. Yi haɗin kana kusa, da sabon batir. In yana yawan yankewa, nisanta na'urar Wi-Fi daga dikodar, domin zango ɗaya suke rabawa, haka ma faifan ajiya mai USB 3.0 da aka soka a jikinta yana iya kawo tsaiko. Akwatin ƙarfe kuma yana tare igiyar.

Idan laifin na dikoda ne

Hanya mafi tabbaci ita ce musaya. Aro rimot na dikoda irin taka ka gwada, ko ka kai naka wurin wata dikodar. In wayarka tana da ƙwan infirared a samanta, kamar yadda wayoyin Xiaomi da yawa suke da shi, manhajar rimot za ta yi maka wannan aikin. Idan rimot biyu lafiyayyu sun kasa, idon dikodar ne ko abin da ke ba shi wuta.

Kafin ka yanke hukunci, dubi adaftar. Dikodoji da yawa volt 12 suke ci, kuma adaftar da ta fara gajiya tana sa dikoda ta riƙa jinkirin amsawa, ko ta sandare, ko ta kashe kanta ta sake tashi. Gwada wata mai volt ɗaya da ita, mai ƙarfin amfiya daidai ko fiye, mai baki iri ɗaya. Sannan ka kashe dikodar, ka kwance wayar faranti, ka kunna ka ga ko rimot zai buɗe menu. Dikoda tana tura volt 13 ko 18 ta wannan wayar zuwa kan faranti, kuma idan siririyar wayar raga ta taɓa ta tsakiya, ko ruwa ya shiga mahaɗin, wasu dikodojin sukan rikice gaba ɗaya. In rimot ya dawo bayan ka cire ta, bakin wayar za a sake ɗaurawa.

Idan matsalar ta fara ne daidai bayan an sa wa dikodar sabuwar manhaja, akwai yiwuwar an sa mata ta wani samfuri ne mai lambobin rimot daban. Maganinsa a mayar mata da manhajar da ta dace da lambar samfurinta. Mayar da saiti zuwa na kamfani kuwa a bar shi ya zama na ƙarshe, domin yana goge jerin tashoshi da saitin tauraron, kuma sai da rimot mai aiki za ka iya sake shigar da su.

Canza idon kansa ƙaramin aiki ne ga mai gyara, amma ban ba ka shawarar ka buɗe dikodar da wayar wutarta ke shiga kai tsaye daga bango ba. Akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi. In dikodar ta kamfanin da kake biya wa kuɗin kallo ce, ko garantinta bai ƙare ba, buɗewa yana iya soke shi, don haka su za ka fara tuntuɓa.

In kuma gwaje-gwajen sun nuna rimot ɗin ne ya mutu, juya dikodar ka kwafi sunan kamfani da cikakkiyar lambar samfurin daga takardar da ke ƙasanta, da ita za ka nemi sabo. Kamannin rimot ba hujja ba ce: akwai masu siffa ɗaya da jerin maɓallai ɗaya amma lambobin cikinsu daban. Ka nemi a yarda ka dawo da shi in bai yi ba, kuma da ka isa gida ka gwada kowane maɓalli, har da masu launin nan huɗu da na menu, ba na kunnawa kaɗai ba.